Jose Rizal da mu: ra'ayin da ba a biya masa komai ba, ra'ayi ne?

Likita_Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so in kawo ta gabanku mu tattauna. Mutanen ƙasar Filifin suna da gwarzon da suke girmamawa fiye da kowa, sunansa Jose Rizal. An haife shi a garin Calamba ranar 19 ga Yuni 1861, lokacin da ƙasar take hannun Sifaniya, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba 1896 yana da shekara 35. Likitan ido ne. Ya yi karatu a Manila da Madrid, ya ƙware a aikin ido a Faris da Heidelberg ta Jamus, kuma abin da ya ja shi ga wannan fanni shi ne ganin mahaifiyarsa da ya fara raguwa. Ya rubuta littattafan ƙagaggen labari biyu, Noli Me Tangere a 1887 da El Filibusterismo a 1891, waɗanda suka tona asirin jami'an gwamnati da limaman coci 'yan Sifaniya, har hukuma ta hana karanta su.

Ni ma likitan ido ne, ina aiki a ƙasar waje, kuma daga bakin abokan aikina 'yan Filifin na fara jin labarinsa. Da na auna ra'ayina da nasa sai na ga mun yi tarayya ƙwarai. Yana ganin al'ummar da ba a ilmantar ba, ko ta kori azzalumi, daga cikinta wani azzalumin zai fito, kuma ni ma haka nake gani. Bai yarda a jefa talakawa cikin tawayen da ba a shirya masa ba, ni ma ban yarda ba. Amma da na zo kan rayuwa sai hanya ta rabu. A 1892 yana Hong Kong, yana duba marasa lafiya yana samun abin rufin asiri, iyayensa da wasu 'yan'uwansa suna tare da shi, ya bar wannan duka ya koma Manila alhali ya san abin da ke jiransa, har ya bar wasiƙu biyu da ya ce kada a buɗe sai bayan ransa. Ni kuwa na wuce shekarun da ya yi a duniya, kuma kullum ɗage komawa gida nake yi. Idan mutum biyu suna faɗar magana ɗaya, ɗaya ya biya da ransa, ɗayan bai biya ko kwabo ba, za a ce ra'ayinsu ɗaya ne? Ina so kowa ya auna kansa, ba ni kaɗai ba.

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam Likita. Kafin a fara awo, ya kamata a san inda ra'ayin mutumin ya samo asali, domin ba daga littattafan Turai kawai ya ɗauko shi ba. Yana ɗan shekara goma ko kusa da haka aka kama mahaifiyarsa, Teodora Alonso, bisa ƙazafin cewa ta yi yunƙurin ba wa matar ɗan'uwanta guba. Aka tasa ta a gaba da ƙafa daga Calamba zuwa Santa Cruz, tafiyar kusan kilomita 50, ta yi wajen shekara biyu da rabi a kurkuku. A watan Fabrairu 1872 kuma aka kashe wasu limaman coci uku 'yan ƙasa, Gomez da Burgos da Zamora, bayan boren da aka yi a Cavite. Yayan Rizal, Paciano, na hannun daman Burgos ne, shi ya sa ya shawarci ƙanensa ya bar sunan gidansu na Mercado ya yi rajista a makaranta da sunan Rizal, don kada a sa masa ido. Ga waɗannan limamai uku ya sadaukar da littafinsa na biyu.

Daga baya aka zo rikicin gandun Calamba. Filayen garin na limaman cocin Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan ne, mutanen gari, har da gidan su Rizal, haya suke biya su yi noma. Da suka yi ƙorafi kan hauhawar kuɗin haya, sai aka kore su daga gonaki a tsakanin 1890 da 1891, aka turo sojoji aka rushe gidaje, aka kori Paciano da wasu surukan gidan zuwa tsibirin Mindoro. Saboda haka, Likita, lokacin da ya koma a 1892 yana ɗauke da nauyin cewa rubutunsa ne ya jawo wa danginsa wannan bala'i. Kai ba ka da irin wannan bashi a wuyanka, kuma wannan bambanci ne da ba za a tsallake ba.

Yayar_Gida:
Ku yi ta auna kanku da Jose, ni da Paciano nake auna kaina. Shi ne ya shirya tafiyar ƙanensa Sifaniya a 1882 ba da sanin iyayensu ba, shi ne ya zauna a gona yana aika masa kuɗin makaranta da na abinci, shi ne aka azabtar a 1896 don ya ba da shaidar da za a kama ƙanen da ita, ya ƙi buɗe baki. Ni ce babba a gidanmu, albashina na aikin jinya shi ya yi wa ƙannena karatu. Babu wanda zai sa hotona a jikin kuɗi, kuma ban damu ba. Amma duk gidan da ya fitar da mai ilimi, a bincika, akwai wanda ya haƙura da nasa karatun.

Dan_Sawaba:
Da girmamawa ga Likita da Malam, ni ban ga abin koyi a wurin Rizal kamar yadda kuke gani ba. Ɗan masu hali ne, gidansu na dutse ne, akwai ɗakin littattafai a ciki. Abin da shi da abokansa na jaridar La Solidaridad suka daɗe suna nema ba 'yancin kai ba ne, so suke a ba Filifin kujera a majalisar Sifaniya, a daidaita su da 'yan Sifaniya a gaban shari'a, a rage ikon limamai. Wanda ya ce a tashi a ƙwaci ƙasa shi ne Andres Bonifacio, maraya ɗan unguwar Tondo, wanda ya yi tallar sanduna da mafitai ya ciyar da ƙannensa, ya yi aikin sito a kamfanin Turawa, ya kafa ƙungiyar Katipunan ranar 7 ga Yuli 1892. Da Katipunan ta aika Dakta Pio Valenzuela wurin Rizal a Yuni 1896 don neman goyon bayansa, cewa ya yi lokaci bai yi ba. Da yana tsare kuma, ranar 15 ga Disamba 1896, ya rubuta takarda yana la'antar tawayen da Katipunan ta tayar wa Sifaniya, a daidai lokacin da manoma ke mutuwa da sunansa a bakinsu.

Kada mu manta, Amurka da ta karɓi ƙasar daga Sifaniya a 1898 kan dala miliyan 20, ita ce ta ɗaukaka shi, har aka sa wa lardi guda sunansa a 1901. Mai mulkin mallaka ba zai zaɓa maka gwarzon da ya ɗauki adda ba. Wani masanin tarihinsu, Renato Constantino, ya yi wannan suka tun 1969. Idan za a auna ni, ni ɗan talakawa ne, a auna ni da Bonifacio.

Malamin_Tarihi:
Ɗan Sawaba, rabin maganarka gaskiya ne. Amurkawa sun ji daɗin gwarzon da ya riga ya mutu kafin su zo, wanda bai taɓa faɗar komai a kansu a matsayin masu mulki ba. Sai dai ba su suka ƙirƙire shi ba. Tun Disamba 1898 gwamnatin 'yan tawaye ta Emilio Aguinaldo ta ayyana 30 ga Disamba ranar makoki dominsa. Katipunan da kanta ta naɗa shi shugaban girmamawa ba da saninsa ba, tana rataye hotonsa a wurin taro, kuma sunansa ne kalmar sirri ta manyan 'yan ƙungiyar. Bonifacio ma yana cikin waɗanda suka shiga La Liga Filipina, ƙungiyar neman gyara ta lumana da Rizal ya kafa ranar 3 ga Yuli 1892, kwanaki kaɗan kafin a kama shi.

Sannan ka duba ƙarshen Bonifacio. Ba Sifaniyawa suka kashe shi ba, 'yan'uwansa 'yan tawaye ne suka yi masa shari'a suka harbe shi da ƙanensa a tsaunukan Maragondon ranar 10 ga Mayu 1897, bayan rikicin shugabanci da ɓangaren Aguinaldo. Abin da Rizal yake tsoro ke nan, kuma ko wata biyar ba a yi da mutuwarsa ba ya faru.

Dan_Sawaba:
Malam, waɗanda suka kashe Bonifacio masu ilimi ne da masu filaye na Cavite, waɗanda suka ce bai cancanci muƙami ba saboda ba lauya ba ne. Ba jahilcin talaka ne ya kashe shi ba, raini ne na masu takardar shaida.

Dalibi_a_Luzon:
Ina karatun haɗa magunguna a nan Filifin, kuma zan iya faɗa muku yadda abin yake yau. Akwai dokar da aka yi a 1956, wadda Sanata Claro Recto ya jagoranta, da ta wajabta koyar da rayuwar Rizal da rubuce-rubucensa a makarantu, musamman jami'o'i. Mu baƙi ma muna zama a ajin. Hotonsa yana jikin tsabar peso ɗaya, kusan kowane gari akwai titi ko dandali mai sunansa, kuma a Fort Santiago, sansanin da aka tsare shi a Manila kafin a kashe shi, an dasa sawun ƙafa na tagulla a ƙasa don nuna hanyar da ya bi zuwa inda aka harbe shi. Duk da haka babu wata doka da ta ce shi ne gwarzon ƙasa a hukumance, jama'a ne suka ɗauke shi haka.

Abin da na lura shi ne, tilastawar ta rage masa armashi a wurin matasa. Da yawa daga abokan karatuna haddace ranakun suke yi su ci jarrabawa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne jerin 'yan matan da ya yi soyayya da su. An taɓa ba mu aikin gida irin wannan tambaya ta Likita, kowa ya kwatanta rayuwarsa da ta Rizal. Abin da na rubuta shi ne, ina kama da shi a kewar gida da jiran kuɗin da ba ya zuwa a kan lokaci, domin shi ma a Berlin ya sha yunwa, sai da abokinsa Maximo Viola ya ranta masa kuɗin buga littafin farko. A sauran abubuwa kuwa ban ga kama ba.

Abu_Sumayya:
Ina da ja a kan tushen wannan muhawara. Me ya kai Musulmi auna kansa da mutumin da aka haifa Kirista, ya shiga ƙungiyar asiri ta Mason a Turai, har mutanen addininsa ma suna gardama a kan abin da ya mutu a kai? Muna da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna da sahabbai. A ƙasarmu muna da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shafe wajen shekara 30 yana karantarwa da wa'azi kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Idan ma a Filifin ɗin ne, kafin Sifaniyawa su kama Manila a 1571 sarki Musulmi ne a wurin, Raja Sulaiman, kuma Sarkin Maguindanao, Sultan Kudarat, ya yi shekaru yana fafatawa da su a ƙarni na 17. Musulmin Mindanao da Sulu sun fi shekara 300 suna ƙin miƙa wuya. Su ne suka fi kusa da mu, amma ba na jin ana ambatonsu.

Likita_Bakatsine:
Malam Abu Sumayya, Allah Ya saka da alheri da wannan tunatarwa. Ba addini nake nema a wurinsa ba, kuma a nan ma ina ganin inda muka rabu sarai. Lokacin da yake tsare a Dapitan, garin da Sifaniyawa suka kai shi bayan ya koma gida, ya yi musayar dogayen wasiƙu da tsohon malaminsa, Fada Pablo Pastells, wanda yake ƙoƙarin mayar da shi cikin coci. Rizal ya tsaya a kan cewa ya yi imani da Allah, amma hankali da lamiri da duban halitta su ne jagoransa, bai gamsu da cewa akwai wani littafi ko wata hukuma da ba a tuhumarta ba. Ni na yi imani da wahayi, a wannan ba mu haɗu ba ko kaɗan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ladabin wasiƙun, yadda ɗalibi ya saɓa wa malaminsa a kan abu mafi girma ba tare da zagi ba, malamin ma ya ci gaba da aika masa littattafai. Na zaɓe shi ne don sana'armu ɗaya kuma matsalarmu ɗaya, wato mai ilimin da ƙasarsa take buƙata alhali zama a waje ya fi masa sauƙi. Shehu ya fi ƙarfin in auna kaina da shi.

Bulus_Katolika:
Bari in sa baki a matsayina na ɗan Katolika, tunda cocinmu ne a tsakiyar maganar. Gardamar da Malam Abu Sumayya ya ambata ita ce ta takardar tuba. Limaman Jesuit da suka kasance tare da shi a darensa na ƙarshe sun ce ya sa hannu a takarda yana janye abin da ya rubuta a kan coci, ya fita daga Mason, aka ɗaura masa aure da Josephine Bracken, matar da suka zauna tare a Dapitan, da asuba. Takardar da aka ce ita ce ta asali ba ta bayyana ba sai a 1935, kuma har yau wasu suna cewa ta gaske ce, wasu suna cewa jabu ce. A 1956 ma shugabannin coci sun yaƙi dokar da ɗalibinmu ya ambata, suna cewa littattafan suna ɓata addini.

Ni abin da na ɗauka a wurinsa shi ne, mutum zai iya sukar shugabannin addininsa idan suka haɗa kai da masu mulki suka danne talaka, ba tare da ya zama maƙiyin Allah ba. Limaman nan uku da aka kashe a 1872 ai su ma limamai ne, laifinsu shi ne neman a ba 'yan ƙasa riƙon majami'u. Na taɓa yin magana a taron majami'armu a kan yadda ake kashe kuɗin baikon da ake tarawa a coci, aka yi watanni wasu ba sa amsa gaisuwata. Iyakar abin da na biya ke nan, kuma na ji zafinsa.

Abu_Sumayya:
Malam Bulus, a wannan ba mu da saɓani. Malamanmu na gari ma sun yi gargaɗi mai tsanani a kan malamin da ya mayar da ƙofar sarki wurin zamansa.

Malama_Marubuciya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya fi shafata. Rizal ya rubuta littattafansa biyu da Sifaniyanci, harshen da tsiraru ne kawai daga mutanensa suke iya karantawa. Manomin Calamba da aka rushe wa gida, wanda dominsa aka yi rubutun, sai dai a ba shi labarin abin da ke ciki. Shi kansa ya san da wannan giɓi. Ya fassara wasan kwaikwayo na Jamusanci da tatsuniyoyin yara zuwa harshensu na Tagalog, wasiƙar da ya aika wa 'yan matan garin Malolos a 1889, yana yaba musu kan dagewar da suka yi sai an buɗe musu makaranta, da Tagalog ya rubuta ta, kuma ya fara littafi na uku da Tagalog amma bai ƙarasa ba. Bonifacio da abokin gwagwarmayarsa a Katipunan, Emilio Jacinto, kuwa da Tagalog suka yi wa jama'a magana tun daga farko.

A nan nake ganin fuskata. Duk rubutun da na yi a kan karatun 'ya'ya mata da Ingilishi na yi shi, ya samu yabo a tarurruka, amma uwar da take yanke shawarar cire 'yarta daga makaranta ba ta taɓa jin ko layi ɗaya ba. Malam Abu Sumayya ya kawo Shehu, to mutanen gidan Shehu ba su tsaya a Larabci ba, sun yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa don matan karkara su haddace, kuma Nana Asma'u ta tsara matan da suke kai karatun ƙauye-ƙauye. Malam Sa'adu Zungur ma ya iya Ingilishi da Larabci, amma abin da ya rage a bakin mutane waƙoƙinsa ne na Hausa. A wannan fanni magabatanmu sun fi Rizal dabara, mu ne muka koma irin tasa hanyar.

Malamin_Gona:
Kowa yana kallon ranar da aka harbe shi, ni kuwa shekaru huɗun da ya yi a Dapitan nake kallo, daga 1892 zuwa 1896. An kai shi wani ƙaramin gari a gaɓar Mindanao an yi masa ɗaurin talala, don ya ruɓe a manta da shi. Sai ya ci rabon wata cacar tikiti da ya shiga tare da kwamandan da ke tsaronsa, ya sayi fili a Talisay, ya dasa itatuwa, ya buɗe makarantar yara maza inda suke biyan kuɗin karatu da aikin hannu, ya duba marasa lafiya, wanda ba shi da shi kyauta, ya jawo wa garin ruwa daga tsauni, ya haɗa kan manoma don su sayar da amfaninsu da daraja. Yana tattara ƙwari da kwaɗi da ƙadangaru yana aika wa masana a Jamus, har aka sa wa wasu halittu sunansa.

Ni ma'aikacin gona ne, an taɓa tura ni wani ƙauye mai nisa saboda na ƙi sa hannu a kan takardar rabon takin da ban ga an raba ba. Abokan aikina suka yi mini jaje kamar an yi mini rasuwa. A can na koya wa matasa noman rani a fadama, kuma har yau suna yi. Likita, ba sai an harbe mutum ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, inda Allah Ya ajiye ka yanzu, wa ya amfana?

Dan_Sawaba:
Malamin Gona, Allah Ya ba ka ladan fadama, amma takin da aka sace ya dawo? Wanda ya tura ka ƙauye ya samu abin da yake so, ka bar masa ofis. Haka Sifaniya ta samu abin da take so a Dapitan. Kuma a faɗi gaskiya, yadda ya bar Dapitan shi ne ya nemi a ɗauke shi likitan sojan Sifaniya a Kuba, inda mutanen Kuba suke yaƙin ƙwatar 'yancinsu daga wannan Sifaniyar. Yana cikin jirgi a kan wannan hanya aka kama shi aka dawo da shi.

Malamin_Tarihi:
Haka ne, kuma ba na ɓoye cewa wannan wuri ne mai wuyar karewa. Amininsa Ferdinand Blumentritt, malamin makaranta a ƙasar Ostiriya ta wancan lokaci, shi ya ba shi shawarar, a matsayin hanyar fita daga tsare, kuma Gwamna Ramon Blanco ya amince. Zazzaɓin shawara yana kashe sojoji a Kuba, aikin jinya ya nema ba na harbi ba. Duk da haka wanda ya ce ya zaɓi tsira da kansa a lokacin da wuta take shirin kamawa, ba a ce ya yi ƙarya ba. Abin da nake so a lura shi ne, mutumin da ya ƙi tawaye, ya nemi yi wa sojan Sifaniya aiki, shi ne kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a kan cewa shi ne ruhin tawayen. Masu mulkin sun fi wasunmu sanin abin da littattafan nan biyu suka aikata.

Yayar_Gida:
Likita, ina so in dawo kan tambayarka, domin na ga kamar kana hukunta kanka da ma'aunin da bai dace ba. Rizal bai bar 'ya'ya ba, ɗan da Josephine ta haifa masa a Dapitan bai rayu ba. Kai kana da iyali. Sannan ka tuna wa ya ɗauki nauyin jarumtar tasa. Mahaifiyar da ya yi karatun ido dominta, wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ita ce ta je roƙon a yi masa afuwa aka ƙi saurarenta, ta rayu har 1911 da wannan baƙin ciki. An binne shi a ɓoye a maƙabartar Paco ba tare da an sanar da su ba, sai da yayarsa Narcisa ta bi maƙabartu tana neman sabon kabari. Idan maza suna maganar sadaukarwa, su riƙa tambayar matan gidan ko an shawarce su.

Likita_Bakatsine:
Yaya, na ji, kuma maganarki ta shige ni. Na san kuma cewa zama a waje ba kullum jin daɗi ba ne, domin abokansa biyu da suka riƙe jaridarsu a Sifaniya, Graciano Lopez Jaena da Marcelo del Pilar, dukansu tarin fuka ya kashe su a Basalona a 1896 cikin talauci. Amma ni ba a cikin talauci nake ba. Aikin cire yanar ido ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma a garuruwanmu akwai tsofaffin da jikoki suke ja da sanda saboda wannan yanar kawai, jikan ma ya rasa makaranta. Ina zuwa hutu in yi wa waɗanda suka samu, ina aika kuɗi, amma na san bambancin mai ziyara da mazauni. Abin da Malamin Gona ya faɗa a kan Dapitan bai sauƙaƙa mini ba, ƙara mini nauyi ya yi, domin Dapitan ɗin a cikin ƙasarsa take.

Dalibi_a_Luzon:
Yallaɓai Likita, wani abin lura shi ne, ƙasar Rizal a yau tana cikin waɗanda suka fi kowa tura ma'aikata waje, ma'aikatan jinya da na jiragen ruwa da masu aikin gida, kuma kuɗin da suke aikowa ya haura dala biliyan 30 a shekara. Gwamnati tana kiransu sababbin gwaraza. Wato abokan aikin nan naka da suka ba ka labarinsa, su ma ba su koma ba. Na taɓa tambayar wata malamarmu ko wannan bai saɓa wa koyarwarsa ba, ta ce ita ma ɗiyarta tana Kanada, kuma da kuɗin ɗiyar ake saya mata magani.

Abu_Sumayya:
Har yanzu ina kan bakana cewa abin koyinmu yana gida. Amma zan faɗi abu ɗaya don adalci. An ruwaito cewa ya nemi a harbe shi yana fuskantar masu harbin, aka ƙi, aka ce ta baya za a harbe shi kamar maci amana, da harsashi ya same shi sai ya juya ya faɗi fuskarsa tana sama. Wanda ya yi haka ba matsoraci ba ne, Ɗan Sawaba, ko da kana ganin ya yi kuskuren siyasa. Shi kuwa Likita, ayyuka suna tare da niyya. Idan zamanka a can don tara abin da za ka kafa wurin aiki a gida ne, ka sa wa abin lokaci, ka gaya wa wani wanda zai tuhume ka idan lokacin ya wuce.

Dan_Sawaba:
Ban ce matsoraci ne ba, Malam. Na ce jarumtarsa ta mutum ɗaya ce, kuma ba a ƙwatar ƙasa da mutum ɗaya.

Tsohon_Lauya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kun raba mutane gida biyu, ko Rizal ko Bonifacio, alhali akwai na uku wanda nake ganin yawancinmu mun fi kama da shi, wato Apolinario Mabini. Ɗan talakawa ne daga Batangas, ya yi karatun lauya da ƙyar yana koyarwa don ya ci abinci. Da farko yana ɓangaren masu neman gyara ta lumana, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da La Liga bayan an kori Rizal, kuma bai goyi bayan tawayen 1896 ba. Ƙafafunsa suka shanye, duk da haka aka kama shi. Daga baya ya sauya ra'ayi, aka ɗauko shi a kan ragaya aka kai wa Aguinaldo, ya zama babban mai ba shi shawara kuma shugaban majalisar ministocinsa a 1899. Da Amurkawa suka ci ƙasar ya ƙi yi musu mubaya'a, suka kore shi zuwa tsibirin Guam a 1901. A 1903, da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, ya yi rantsuwar don a bar shi ya dawo gida, bayan 'yan watanni kwalara ta kashe shi.

Ni ma ina saurayi na yi imani cewa kotu za ta gyara komai, na tsufa ina shakka, kuma na sa hannu a kan sulhun da ban so ba saboda waɗanda nake karewa sun gaji da zirga-zirga. Ɗan Sawaba, a wane gida za ka sa Mabini, na waɗanda suka tsaya ko na waɗanda suka sunkuya?

Dan_Sawaba:
Baba, Mabini ya rubuta tarihin tawayen da hannunsa, kuma a ciki ya ɗora wa Aguinaldo laifin kashe Bonifacio da lalacewar al'amarin. Wannan ya isa in sa shi a gidanmu. Rantsuwar 1903 kuwa, ina so Malamin Tarihi ya faɗa mana sharuɗɗan da aka gindaya masa kafin in ce wani abu a kanta.